Dogayen Kalmomin Holanci Sun Ɗaure Mini Harshe

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, 'ya'yana biyu. Kafin in biyo maigidana garin Tilburg a ƙasar Holan, shekara 9 na yi ina koyarwa a firamare a Zariya. Yau wata 14 ke nan ina zuwa ajin koyon Holanci saboda jarrabawar zama 'yar gari da suke kira inburgering. Gajerun kalmomi ba sa ba ni wahala, amma da na hango doguwar kalma sai gabana ya faɗi, ban san inda zan yanka ta ba. Kwanaki na tambayi wata mata inda bushalte take, wato matsayar bas, na ce "bu-shalte". Sau uku ina maimaitawa ba ta gane ba, sai ɗana mai shekara 7 ya faɗa mata, nan take ta nuna mana. Da muka koma gida ya yi ta kwaikwayona yana dariya. Tun ranar na daina ɗaga hannu a aji. Wasiƙun hukuma kuwa maigida ke buɗewa, ya ce kada in wahalar da kaina. Anti, ni da na koya wa yara karatu, yau takardar da aka rubuto da sunana ta gagare ni. Harshena ne ya tsufa? Ko in ɗage jarrabawar magana kawai?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukarki. Harshenki bai tsufa ba, kanki kuma bai toshe ba. Abin da ya same ki a bakin titin nan ma babu ruwan harshe a ciki, idonki ne ya yi abin da aka hore shi a kai tun kina aji ɗaya. A bokon Hausa, duk inda s da h suka jeru sauti ɗaya ne, na shanu da shinkafa, haka ma a Ingilishin da kika yi karatu da shi. Shekara 9 kina tsaye gaban allo kina koya wa yara wannan ƙa'ida. To ina laifin idon da ya ga bushalte ya ce "sha"? Sai dai a wannan kalma s da h maƙwabta ne kawai, ba 'yan gida ɗaya ba. Harafin s ƙarshen bus ne, h kuma farkon halte ne, wato matsaya. Bus, halte. In mutanen Holan na son sautin sh irin namu, sj suke rubutawa, kamar a sjaal, gyalen wuya, in ban da kalmomin aro irin su shampoo.

Na tsaya a kan wannan kalma ne saboda duk kukanki yana cikinta. Doguwar kalmar Holanci ƙananan kalmomi ne biyu ko uku ko huɗu aka jera, aka hana su fili a tsakani. Mu ma muna harhaɗa kalmomi, amma mukan bar alama: gidan waya, ɗan sanda, farar hula, ko mu sa karan ɗori kamar a dafa-duka da hana-salla. Su kuwa mannewa suke yi, su bar mai karatu ya nemo mahaɗar da kansa. Ki tuna yadda mai rake ke yi. Yakan fara sare karan gunduwa-gunduwa, sannan ya fere ya yanka ƙanana. Yanka biyu ne, kuma babban shi ke gaba. Kuskuren da kike yi, wanda ni ma na yi shi a shekarata ta farko a ƙasar, shi ne soma ƙaramin yanka daga hagu, gaɓa bayan gaɓa, irin ba-be-bi-bo-bu da muke koya wa 'yan aji ɗaya, tun ba ki gano inda kalma ɗaya ta ƙare wata ta fara ba.

Yadda za ki nemo mahaɗar kuwa, ki faro daga baya. Ke da kika yi Islamiyya, karatu daga dama zuwa hagu ba baƙonki ba ne. A Holanci kalmar ƙarshe ita ce uwar ɗaki, ita ke faɗa miki ainihin abin da ake magana a kai, na gabanta bayani kawai suke ƙarawa. Hausa kuma da uwar ɗakin take farawa. Saboda haka in kika karanto daga baya, Hausarki ce za ta fito a jere, ba sai kin juya komai ba. Ɗauki kinderopvangtoeslag, harafi 19. A ƙarshe akwai toeslag, tallafin kuɗi. Kafin ita opvang, reno. A farko kinder, yara. Tallafin renon yara. Katin da ke cikin jakarki, verblijfsvergunning: vergunning izini, verblijf zama, izinin zama. Ziekenhuis: huis gida, zieken marasa lafiya. Huurtoeslag, tallafin haya. Har wadda ke firgita mutane, arbeidsongeschiktheidsverzekering mai harafi 33, haka take warwarewa: verzekering inshora, ongeschiktheid rashin iyawa, arbeid aiki. Inshorar wanda ciwo ya hana shi aiki. Ranar da na gane wannan, sai na ji kamar an ɗauke mini tulu daga ka.

Kalmomin da ke zama a ƙarshe a takardun hukuma da na asibiti da na makaranta ba su da yawa, su ne dai ke ta dawowa: huis, kaart, nummer, bewijs, dienst, kosten, gesprek, belasting, formulier da 'yan uwansu. Ki buɗe musu shafi a littafinki. Da idonki ya saba da su, rabin kowace doguwar kalma ya zama sananne tun ba ki taɓa ta ba. Akwai kuma gyara a kai: kalmar ƙarshen ce ke zaɓar de ko het. Tunda het huis ne, to het ziekenhuis da het gemeentehuis. Tunda de arts ne, to de huisarts, likitan iyali.

Wani abin da zai taimake ki shi ne ɗan harafin da suke sakawa a mahaɗa. Mu muna da -n da -r: gida ya zama gidan waya, takarda ta zama takardar haihuwa. Su suna da -s- da -en- da -e- da -er-. Kamar yadda -n ke manne wa gida, haka nasu ke bin kalmar farko. Verblijfs, vergunning. Stads, bus. Boeken, kast, wato kabad ɗin littattafai. Zonne, bril, tabarau na rana. Shi ya sa za ki ga s biyu a stationsstraat, ɗaya na mahaɗa, ɗaya farkon straat, amma a baki guda ɗaya ake ji. Harafin n na -en- kuwa yawancin mutane ba sa furta shi. "Ziekehuis" za ki ji ana cewa, kuma daidai ne. Ita kanta pannenkoek, fankensu mai faɗi, a da pannekoek ake rubuta ta, gyaran ƙa'idojin rubutu na 1995 ne ya ƙara mata n, baki kuma bai bi ba.

Sai kin gama raba kalma gida-gida za ki shiga yanka gaɓa, kuma a nan Hausarki jari ce babba. Kunnenki ya san bambancin garin da ake zama a ciki da garin tuwo, duk da bokonmu ba ya nuna wanne ne mai dogon wasali. Holanci yana nunawa, da ƙa'ida ɗaya da ta ratsa rubutunsu gaba ɗaya. Gaɓar da ta ƙare da wasali, wadda kika sani da buɗaɗɗiyar gaɓa, wasalinta dogo ne ko da harafi ɗaya aka rubuta. Rufaffiyar gaɓa, wadda baƙi ya rufe, wasalinta gajere ne sai in an rubuta shi biyu. Man, namiji, gajere. Maan, watan sama, dogo. A jam'i sai su zama man-nen da ma-nen. Haka bom da boom, bam da bishiya, suke zama bom-men da bo-men. Wurin yankan ma a bayyane yake. In baƙi ɗaya ne tsakanin wasula biyu, ya bi gaɓar gaba. In biyu ne, a raba su. In sun fi haka, gaɓar gaba ta ɗebi iya waɗanda za su iya fara kalmar Holanci, kamar ven-ster, taga. Ch ba a raba shi kuma ba a ninka shi, shi ya sa la-chen, dariya, ke da gajeren a duk da kamannin buɗaɗɗiyar gaɓa. Ki kuma saurara da kyau, bambancin bai tsaya a tsawo ba. Wasalin man daga can cikin baki yake fitowa, na maan kuwa baki a wangale.

Ga tarkon da ya fi kama Bahaushe a nan. Mu in mun rubuta baƙi biyu, shadda ce, dannawa muke yi. Baba daban, babba daban. A Holanci babu shadda. N biyu na mannen alama ce kawai ga ido cewa wasalin da ya gabata gajere ne, a baki n ɗaya ne. Na sha jin 'yan uwanmu suna danna kop-pie da bak-ker kamar suna cewa babba, ana gane su, amma maganar takan yi nauyi, su gaji tun ba su kai ƙarshen jimla ba. Ki saki shaddar, za ki ji numfashinki ya ishe ki.

Yanzu dubi dalilin da ya sa na nace a kan babban yanka ya riga ƙarami. Kalmar sana'arki ce ma, lesuur, awar darasi. In kika bi ƙa'idar gaɓa kai tsaye, baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu, za ki ce le-suur da dogon e, ba kuwa wanda zai gane. Amma les ce da uur, e ɗin gajere ne domin les kalma ce mai zaman kanta. Dakraam, tagar da ke jikin rufin gida, dak ce da raam, ba da-kraam ba. Ni wadda ta tsaya mini a wuya ita ce ouderavond, taron iyaye na yamma a makaranta. Na daɗe ina neman ma'anar "ravond" a ƙamus, alhali ouder ce da avond. Ƙa'idar gaɓa tana aiki ne a cikin kowace kalma ita kaɗai, ba ta tsallake mahaɗa.

In kalma ta biyu da wasali ta fara, kina da makamin da ɗalibai da yawa a ajinku ba su da shi: hamza. Ɗan tsayawar nan ta maƙogwaro da ke cikin jama'a da sa'a da ma'aikaci. Ki sa ta a mahaɗa: les'uur, huis'arts, ouder'avond. In 'yan ƙasar na sauri sukan haɗiye ta, wannan ba komai, ke dai ki fara da ita. Tana hana baƙin ƙarshen kalmar farko zamewa ya faɗa wa ta biyu.

Ban da sh, akwai wasu tagwayen haruffa da idon boko zai so ya haɗa. Kw na kwano zai ruɗe ki a werkweek, makon aiki, alhali werk ce da week. Sh zai sake tare ki a huishouden da huishuur. Ts ɗinsu, kamar a fiets, keke, t ne da s a sake, babu matsewar maƙogwaro irin ta tsintsiya. Ng kuwa fuska biyu gare shi. A zingen sauti ɗaya ne na hanci, ba a jin g. A ongeluk, haɗari, on ce da geluk, dole g ya fito. Ingang, ƙofar shiga, ta haɗa duka biyun: na farko mahaɗa ce, g na fita, na ƙarshe sautin hanci ne. Shi kansa g ɗin kada ya tsorata ki. Ɗan uwan kha ne da kika koya a karatun Alƙur'ani, kuma kin yi dace da gari, domin a Tilburg da sauran kudancin ƙasar da arewacin Beljiyam da taushi ake fitar da shi, ba da kakkaɓar maƙogwaro irin ta Amsterdam ba.

Tunda kowace kalma a cikin harɗaɗɗiyar tana riƙe da halinta, d ɗin ƙarshe yakan koma t ko da a tsakiya yake. Bloed a baki "blut" ne, saboda haka bloedonderzoek, gwajin jini, "blut'onderzuk" ne. Hoofdingang, babbar ƙofa, "hooft'ingang". Tandarts, likitan haƙori, ta ɗan kauce, da yawa sukan ce "tan-darts" saboda yawan amfani ya narkar da mahaɗar. Wannan ki haddace ta kawai.

Tarin baƙaƙe shi ne inda harshenmu ke jin jiki da gaske, ba zan ɓoye miki ba. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ba ma fara gaɓa da baƙi biyu. Shi ya sa kalmomin aro suka zama burodi da burki da fulawa, muka buɗa musu da wasali. Holanci kuwa yana da kalma irin angstschreeuw, ihun tsoro, mai baƙaƙe 8 a jere a rubuce. Amma ko ita, da kin yanka a mahaɗa ta zama angst da schreeuw, kowanne da iya nauyinsa. Abin da za ki yi wa horo shi ne farkon kalma: straat kada ta zama "sitirat", school kada ta zama "sukul". Ki ja s ɗin kamar kina tsaki a hankali, ssss, sannan ki sauka kan sauran ba tare da kin buɗe baki a tsakani ba. Minti 5 a rana a kicin ya isa. Ki kuma kwantar da hankalinki, su ma suna sauƙaƙa wa kansu. A postzegel, kan sarki, yawanci ba a jin t. A handdoek, tawul, d ɗaya ake ji. Kuma a ƙarshen kalma, bayan l ko r, su da kansu sukan cusa ɗan wasali: melk ta zama "mellek", kerk ta zama "kerrek". A nan an yarje miki abin da harshenki ke so.

Saura nauyi, kuma a ganina shi ya fi yanke hukunci a kan ko za a gane ki. Hausa da karin sauti take tafiya, kowace gaɓa tana samun haƙƙinta cikakke. Holanci gaɓa ɗaya yake dannawa, sauran su rusuna. A yawancin harɗaɗɗun sunaye nauyin yana kan kalmar farko: BUShalte, HUISarts, ZIEkenhuis, KINderopvang. Ɗafa-goshin be- da ge- da ver- ba sa ɗaukar nauyi, shi ya sa ake cewa verBLIJFSvergunning da geMEENtehuis. A gaɓar da ta rusuna, e yakan zama ɗan guntun sauti marar launi, leɓe a sake, wanda suke kira stomme e, wato beben e. Dubi verzekering: e uku ne a rubuce, na tsakiya kaɗai ne cikakke, ver-ZEE-ke-ring, na farko da na uku a haɗiye. In kika ba su duka haƙƙi ɗaya kamar a Hausa, kunnen ɗan Holan sai ya rasa inda zai kama, ko da kin furta kowane harafi daidai. Wani lokaci ma nauyin kaɗai ke raba ma'ana. VOORkomen, abu ya auku. VoorKOmen, a hana abu aukuwa. Akwai masu kauce wa ƙa'ida, irin stadHUIS da AmsterDAM da RotterDAM, waɗannan kunne ne zai koya miki su.

Kada ki ɗauka baƙi kaɗai ke tuntuɓe. Akwai kalmomin da 'yan ƙasar da kansu ke misali da su. Massagebed tana iya zama massage da bed, gadon tausa, tana kuma iya zama massa da gebed, sallar taron jama'a. Rubutu ɗaya, furuci biyu da ba su ko yi kama ba. Bommelding, rahoton an dasa bam, takan sa mai karatu ya fara cewa "bommel" kafin ya dawo ya gyara. Saboda irin wannan ne ƙa'idojinsu suka yarda marubuci ya sa karan ɗori in ya ga kalma za ta ruɗa, suka kuma wajabta shi inda wasula biyu za su haɗu su ba da wani sauti daban, kamar auto-ongeluk da zee-egel. Hukumar Taalunie, wadda Holan da Beljiyam suka kafa a 1980, ita ke kula da jerin kalmomi na hukuma, wanda aka fi sani da Groene Boekje, koren littafi. Yana nan kyauta a intanet da sunan woordenlijst.org, kuma yana nuna inda ake yanka kowace kalma. Ki ajiye shi a wayarki, duk wadda ta shige miki duhu ki duba.

Yanzu mu shiga gida, don na lura abin da ya fi ci miki rai ba kalmar ba ce.

Dariyar yaro ɗan shekara 7 ba raini ba ce a zuciyarsa, amma in aka ƙyale ta za ta iya girma ta zama raini. Na ga gidajen da yara suka zama tafintan iyayensu tun suna ƙanana, daga nan girman uwa ya soma zubewa ba wanda ya lura. Ki zaunar da shi cikin natsuwa ki gaya masa ba a yi wa uwa dariya, kuma babansa ya maimaita masa. Bayan haka ki ba shi aiki. A groep 3, ajin da suke fara karatu, an koya masa abin da suke kira hakken en plakken, sarewa da mannawa, an kuma koya masa tafa hannu a kan kowace gaɓa. Ki ce ya nuna miki yadda malamarsu ke yi, ke malama ce, kallo ɗaya za ki ɗauke dabarar. Sai ku yi musaya: ya ba ki kalmar Holanci, ke ki ba shi ta Hausa mai ƙ ko ɗ ko ɓ ko ts, ƙwanƙwasa, ɗanɗano, ɓarawo, tsattsafi. Zai gane cewa kowane harshe da inda yake kama mutum, kuma uwarsa na da abin da duk 'yan ajinsu ba za su iya furtawa ba. Ina roƙonki, kada neman Holanci ya sa ki daina yi musu Hausa a gida. Holanci zai same su a makaranta da titi ko kin so ko ba ki so ba. Hausa kuwa in ba daga bakinku ba, ba su da inda za su same ta.

Maigidanki tausayinki yake ji, ban ga mugun nufi a maganarsa ba. Amma tausayin da zai bar ki ba ki san abin da aka rubuto da sunanki ba, cutarwa ce a ƙarshe. Wasiƙun DUO, hukumar da ke kula da jarrabawar inburgering, da na gemeente, wato ƙaramar hukuma, suna ɗauke da wa'adi, kuma ke za a tambaya. Ki nemi alfarma ɗaya a wurinsa, da lafazi mai daɗi, a lokacin da yake cikin nishaɗi: duk wasiƙar da ta zo, har da shuɗin ambulan nan na Belastingdienst, hukumar haraji, ke za ki fara buɗewa. Ki ɗauki fensir, ki zaɓi kalmomi 3 mafi tsawo, ki ja layi a kowace mahaɗa, ki ja ƙaramin layi ƙarƙashin gaɓar da za a danna, ki karanta su da ƙarfi. Sannan shi ya duba ya gyara, ya yi bayanin sauran. Wannan bai rage masa komai ba, kuma babu littafin aji da zai ba ki kalmomin da kike buƙata kamar takardun gidanki.

Batun ɗage jarrabawa, ban goyi baya ba in tsoro ne dalilin. Dokar inburgering da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022 ta ba da wa'adin shekara 3, kuma matakin B1, wato matsakaicin matakin iya harshe, ake so mutum ya nufa. Ki tambayi jami'in da ke kula da ke a gemeente ranar da naki wa'adin zai cika, ki rubuta ta a bango. Ki kuma sami malamar ajinku bayan an tashi, ki gaya mata abin da kika gaya mini, ki roƙe ta ta riƙa nuna miki mahaɗa da nauyi a sababbin kalmomi. Ita ce za ta iya gaya miki ko kin shirya, ba faɗuwar gaba ba. Jarrabawar magana a gaban kwamfuta ake yi, ana naɗar muryarki, don haka ki saba tun yanzu: ki naɗi kanki a waya, ki saurara, ki sake. Ba wanda zai nemi ki yi magana kamar haifaffiyar Utrecht, abin da ake so a gane ki. Da yamma ku kalli Jeugdjournaal, labaran yara, tare da yaronki, ki kunna rubutun ƙasan allo ta shafi na 888 na teletekst, shafukan rubutu na talabijin, ido na ganin kalmar kunne na jin inda aka yanka ta. Ki leƙa LocHal, babban laburaren garinku, ki tambayi ko suna da taalcafé, zaman hira na masu koyon harshe, ko za su haɗa ki da taalmaatje, mai sa kai da za ku riƙa hira. Matambayi ba ya ɓata.

Gobe kafin ki shiga aji, ki shirya kalma ɗaya tun daga gida, ki yanka ta a takarda, ki ɗaga hannu da ita ko da muryarki na rawa. Ga ta farko daga wurina, tana cikin takardun inburgering ɗinki: participatieverklaringstraject. Kalmomi uku ne da s na mahaɗa guda ɗaya, ki faro daga baya. In kin warware ta ki rubuto mini yadda kika yanka. Ki gaida maigida da yaran, Allah ya ba ki sa'ar jarrabawa.